Layin da Ke Ɗauke da Sunan Mas Danang

Litinin, da hantsi

Wayata ba ta huta ba tun asuba. Pak Sihombing na Medan sai turo saƙon murya yake yi, kowanne yana farawa da "Mbak Wening, ba don in takura miki ba," sannan ya takura min. Wai an sake yi masa ɓarna a sabarsa, wato kwamfutar da mutanensa ke haɗuwa a kanta su buga wasa ta intanet. Wani ɗan wasa ya shiga da takobi ɗaya ya fito da arba'in, kasuwar cikin wasan ta mutu, tsofaffin 'yan wasansa suna cewa za su watse.

Na san ɓarnar, kowa ma ya san ta. Mutum biyu su fara musayar kaya a cikin wasa, mai bayarwa ya katse intanet ɗinsa ana tsakiyar musayar, in ya dawo sai ya tarar kayan suna jakarsa, suna kuma jakar abokinsa. Duk sabar da ke tafiya da manhajarmu ta Pelita haka take fama.

To ni me zan yi masa? Ni maganganun mutanen cikin wasa nake rubutawa, mai sayar da kifi da mai kwalekwale da mai gadin ƙofar gari. Ban taɓa riƙe makullin rumbun da ake ajiye rubutun manhajar a intanet ba. Makulli na yayana ne, Mas Danang. Shi ya gina Pelita tun da kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ya rufe shi ya bar mutane da kewa, don kowa ya iya kunna sabarsa ya tara abokansa su ci gaba. Shi kaɗai ke iya shigar da gyara a rumbu. Abin da ke ba shi lambar shiga yana cikin wayarsa, wayar kuwa ta farfashe a ƙasan banɗaki ranar nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi.

Mas yana ɗaki. Ya sha kunun shinkafa rabin kwano.

Talata, bayan la'asar

Cak Bowo ya kira daga Surabaya. Abokin Mas ne tun suna ɗalibai, kuma bayan Mas babu wanda ya kai shi sanin cikin Pelita. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Ning, gyaran nan fa ba wani abu ba ne. Na gaji da bin masu saba ɗaya bayan ɗaya ina tura musu. Rabinsu ba su ma san inda za su manna shi ba. Jiya Sihombing ya manna a wurin da ba nan ba, duk dodannin sabarsa suka daina tafiya. Mu cire reshe kawai, mu kwafi aikin mu kafa namu."

Na ce, "Cak, mutum yana numfashi a ɗakinsa za ka cire wa aikinsa reshe?"

"Lasisin da ya sa da kansa ya yarda kowa ya kwafa."

"Ai doka ma ba ta hana mutum cin abinci da hagu ba, amma..."

Sai na tuna Mas da hagu yake cin abinci yanzu. Da na san inda maganar za ta faɗa da ban ɗauko ta ba.

Bowo ya san ladabin abin kamar yadda na san shi, bakin mutum ɗaya muka ji shi. Kafin ka kwashi aikin wani ka kafa naka, sai ka tambaye shi, ko da ba dole ba ne. In za ka kwasa ka kwashe da tarihinsa duka, kowane layi da sunan wanda ya rubuta. Ka canza suna, ka faɗi inda ka samo. Mas da kansa, lokacin da zai fara Pelita daga aikin wani mutumin Thailand, wata da watanni ya zauna jiran amsa, muna yi masa dariya.

Bowo ya ce, "To ki tambaye shi mana. Ai ke ce a gidan."

Na ce zan tambaye shi. Mene ne a ciki?

Laraba, da rana

Ban tambaye shi ba. Yana barci.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ibu, mahaifiyarmu, ta tsare ni a kicin tana soya tempe, wainar waken soya. "Nduk, 'yata, wai wane ne wannan mai ihun a wayarki kullum? Saurayi ne?"

Na ce Allah ya kiyashe ni. Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce ta ɗauka gidan Mas a kulle yake, makulli ya ɓata, rufi yana yoyo, mutane kuma suna ciki. Ba za a iya gyarawa ba sai an gina irinsa a gefe an kwashe kowa an mayar can.

Ta juya tempe ta ce, "To a gina mana."

"Sai an tambayi mai gida."

"To ki tambaye shi. Kunnensa lafiya lau, jiya ma da na ce gishiri ya yi tsada sai da ya harare ni."

Kowa ki tambaye shi, ki tambaye shi! Kamar tambayar me zai ci ce. Na yi ta juya maganar a raina, na sa mata zuma, na sa mata mai, duk inda na juya ta abu ɗaya take nufi: mun daina jiranka. Wannan ce maganar da suke so in shiga ɗaki in faɗa wa mutumin da ke koyon riƙe cokali. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan.

Mai gasa masa hannu ya zo yau. Ya ce akwai ci gaba. Kullum akwai ci gaba. Hannun daman yana nan kan matashi inda aka ajiye shi.

Lahadi, da safe

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na leƙa na ga rassa sun fara tsirowa ba sallama. Wani ya sa wa nasa Pelita Sabuwa, wani Pelita ta Gaskiya, wani kuma ko sunan bai canza ba, hoton kyanwarsa kawai ya ɗora a sama. Duk sun zazzage fayilolin ne suka zuba a sabon rumbu, babu tarihi, babu na gode. Ɗaya daga cikinsu har ya rubuta "wanda ya ƙirƙira" ya sa sunansa. Mai kwalekwalen da na yi wata guda ina gyara masa zance, yau wani ne ya ƙirƙire shi.

Na rubuta musu doguwar magana, na karanta, na goge. Da wane baki zan yi musu faɗa?

Pak Sihombing ya tambaye ni wanne zai bi a cikinsu. Na ce ya jira. Ya ce, "Mbak, ni zan jira, takubban ne ba sa jira, sun kai ɗari uku."

Litinin, da yamma

Na shiga da niyya. Na zauna a bakin gadon, na ce, "Mas." Ya dube ni. Sai na tambaye shi ko in buɗe taga.

Laraba, da hantsi

Yau kam raina ya ɓaci.

Bowo ya turo min reshen da ya shirya a ɓoye, ya ce bai buɗe wa kowa ba, in duba kafin in yi wa Mas magana. Da farko na ji daɗi. Tarihi yana nan, ya canza suna zuwa Suluh, ya rubuta a sama cewa daga Pelita ta Danang Wiryawan aka samo. Sai na buɗe fayil ɗin musayar kaya, na danna wurin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe.

Bowo. Bowo. Bowo. Daga sama har ƙasa Bowo.

Na buɗe wani fayil, haka. Na buɗe na uku, haka. Abin da ya yi shi ne ya saki na'urar daidaita rubutu a kan aikin gaba ɗaya, ta canza ɗan filin da ake bari a farkon kowane layi. A ido babu abin da ya sauya, amma rumbu ba ido yake bi ba, wanda ya taɓa layi a ƙarshe shi yake rubutawa. Aikin shekara goma sha biyu, rana ɗaya ya koma sunan Bowo. Wanda yake son ganin sunan Mas sai ya yi tono.

Wannan kuskuren sabon shiga ne. Bowo ba sabon shiga ba ne, shi ne ma ya taɓa kunyata wani a gaban jama'a kan irin wannan. Na kira shi.

"Cak, me na gani haka?"

"Tsabtacewa na yi. Sabon gida ai da shara ake shiga."

"Ka share ƙura ko ka share mai gida?"

"Sunansa yana sama, Ning, da manyan baƙaƙe."

"Sama! Wa ke karanta sama? In mutum ya maƙale a layi, gefen layin yake dubawa ya ga wa zai gode wa. Wannan kake so in ɗauka in kai masa ɗaki? In ce Mas, ga aikinka, Cak Bowo ya taya ka sa hannu?"

Ya ce in bar shi haka, ya fi alheri. Na ce alherin wa? Ya ce yana da baƙi, ya kashe. Ya ƙara turo saƙo wai in ban tambayi Mas ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa zai buɗe Suluh yadda take, don mutane suna wahala.

Mutumin da ya ci shinkafar gidanmu ya fi sau dubu!

Alhamis, da rana

Ban tambaye shi ba. Ban ma shiga ɗakin ba, Ibu ce ta kai masa abinci.

Juma'a, bayan la'asar

Tunda haka ne ni zan yi da kaina. Na ɗauko rumbun Pelita da tarihinsa cak, na kafa reshe a ɓoye, ban bar wata na'ura ta taɓa ko ɗigo ba. Ashe abin ba kwafa ba ne kawai. Sunan Pelita yana binne a wurare sun fi ƙarfin ƙirga, in ka canza wani ka manta wani sai saba ta ƙi tashi. Sau uku ina kunnawa tana mutuwa. Na huɗu ta tashi, na shiga na tarar mai sayar da kifi yana tsaye a tsakiyar kogi.

Mas ya taɓa ce min in koyi wannan ɓangaren, na ce masa ni marubuciya ce ba makanike ba. Ga shi yau ana fafe gora ranar tafiya.

Ruwa aka yini yi. Ɗakin Mas yana warin man zafi, har a rigata nake jin sa.

Asabar, da yamma

Bowo ya diro garinmu Malang ba sanarwa, da kwandon lemo a hannu. Ya shiga wurin Mas ya zauna yana ba shi labarin ƙwallo, ko sau ɗaya bai ambaci Pelita ba. Mas ya yi dariya da rabin bakinsa. Ni ina bakin ƙofa kamar in fashe.

Da ya fito ya ce mu je mu ci bakso, romon dunƙulen nama, a bakin titi. Na bi shi don kada Ibu ta ji abin da zan faɗa masa. Na kuwa faɗa, ban rage komai ba, har da zancen reshen da na kafa. Yana shan romo yana saurare, sai da na gaji ya ajiye cokali.

"Kin gama? A naki reshen da kike taƙama da shi, kin buɗe fayil ɗin musaya?"

"Ban kai nan ba tukuna."

"To ki kai. Ki nemi layin da ke miƙa kaya da layin da ke cire kaya daga jakar mai bayarwa. Ki ga wanne ke sama. Ki dubi gefensu ki ga wa ya juya su, da kuma yaushe."

Na ce ya yi min magana a fili, ba na son kwana-kwana.

Ya ce, "Ning, kin ga irin zagin da 'yan wasa ke yi wa wanda ya jawo ɓarnar nan? Jiya wani ya rubuta cewa ko akuya aka ba kwamfuta ba za ta yi wannan ba. Yanzu babu wanda ya damu ya tona, gyara kawai suke nema. Ranar da aka buɗe reshe aka shigar da gyaran, kowa zai zo kallon layin. Gara su ga Bowo. Ni fatata kauri gare ta. In fayil ɗin kaɗai na taɓa za a gane, shi ya sa na bi duka."

Romon ya huce a gabana, ban iya ci ba. Shi ya cinye nawa, marar kunya.

Lahadi, da hantsi

Na duba. Sunan Mas yana nan. Kwanan watan ma yana nan, ana saura 'yan kwanaki ranar nan. Makon ne yake ta yar da cokali a tebur yana cewa gajiya ce.

Mas da ba ya barin waƙafi ya zauna a karkace.

Litinin, da rana

Yanzu haushin wa zan ji? Na nemi haushin Bowo na rasa inda na ajiye shi, kuma wannan ma haushi yake ba ni. In na kai wa Mas reshen Bowo, zai ga an share shi daga aikinsa. In na kai nawa, zai ga abin da hannunsa ya yi, duniya ma ta gani. Gaba kura, baya sayaki.

Pak Sihombing ya turo hoton wani ɗan wasa da ya shimfiɗa takubba a ƙasa ya rubuta sunan budurwarsa da su. Ban amsa ba.

Talata, da safe

Ban tambaye shi ba.

Laraba, da yamma

Ibu ta ce, "Nduk, yayanki ya san kina gudunsa. Duk kika wuce ƙofar sai ya bi ki da ido. Hannu ne ya kwanta, ba hankali ba. Ke da Bowo kun zauna kuna yanke masa abin da zai iya ɗauka, wa ya naɗa ku?"

Na ce ba ta gane yadda abin yake ba. Ta ce ita ta haife shi, ta miƙo min tire.

Alhamis, bayan magariba

Na tambaye shi.

Bayan la'asar na ɗauki kwamfuta na shiga, na ɗora masa a cinya kan matashi. Duk kalaman da na yi makonni ina gogewa suka gudu. Na ce, "Mas, ana satar kaya a Pelita. Makulli ya tafi da wayarka. Muna so mu cire reshe, mun zo neman izini." Muryata ta yi wani iri a kan izinin.

Bai yi komai ba, kallona kawai yake. Sai na nuna masa na Bowo tukuna, don na fi jin tsoron nawa. Ya sa yatsan hagu yana jan shafin ƙasa a hankali. Bowo, Bowo, Bowo. Ya ɗago ya dube ni, girar nan tasa ta hagu ta hau sama, irin kallon da yake yi min in na turo masa aiki ban gwada ba. Ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ba kalma ba ce, amma na san tsaki in na ji shi.

Na buɗe nawa. Na so in kai shi fayil ɗin kogi da gadoji, inda sunansa ke jere gwanin kyau. Ya ture hannuna. Da kansa ya laluba, ya ɓata, ya koma, har ya buɗe fayil ɗin musaya. Ashe ɓarnar da na faɗa masa a jimla ɗaya ta ishe shi sanin inda take. Ya tsaya a kan layukan biyu. Ya dubi gefensu. Ya daɗe yana duba.

Na ce, "Mas, Cak Bowo ya riga ya rubuta gyaran, dannawa ɗaya ce. Kuma za mu iya yin yadda ba kowa zai..."

Ya buge min hannu. Da hagun! Har yanzu wurin yana min zafi.

Sai ya fara. Ɗaga layi ɗaya a mayar da shi saman ɗan'uwansa, aikin da da yake yi kafin in ƙifta ido. Yatsa ɗaya, maɓalli ɗaya. Ya goge abin da ba shi ba, ya dawo da shi. Ya danna baƙi biyu a tare, ya koma ya gyara. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sau biyu ina miƙa hannu, sau biyu yana hararata. Ibu ta leƙo da shayi, ta ga abin da ake, ta koma da shi. Ni kuwa ina zaune na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, haushi da tausayi sun cika ni, don mutumin nan taurin kai ne zai kashe shi ba wani abu ba.

Ana kiran sallar magariba ya gama. Cire kaya a sama, miƙa kaya a ƙasa. Saura ɗan filin da ake rubuta bayanin gyara. Na ce in rubuta masa? Ko kallona bai yi ba. Ya laluba baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta: nawa ne. na gyara.

Ya tura kwamfutar zuwa gare ni, ya rufe ido.

Na ce, "Mas, izinin fa?"

Ya buɗe ido ɗaya, ya nuna allon da haɓa, kamar mai cewa ke wai ba kya gani ne?

Juma'a, da hantsi

Mun buɗe Suluh daga nawa reshen, Bowo ya goge nasa. Da na karanta masa bayanin gyaran a waya sai ya ja hanci, ya ce mura ke damunsa. Ƙarya yake.

Makulli yanzu hannun mutum uku yake, ni da Bowo da Mas. Na Mas na rubuta masa a wayar Ibu, ko zai yi amfani da shi ko ba zai yi ba.

Pak Sihombing ya turo saƙo, ba don ya takura min ba, wai an daina sata amma mai sayar da kifi yana tsakiyar kogi. Wannan kam nawa ne.

Na sake buɗe rumbun kafin in tashi. Gyaran farko a sabon gida, sunan da ke gefensa Danang Wiryawan, kwanan watan jiya.